'Ya'yan Francis a Takardar Haraji

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni gida. Yi zamanki, ga shi.

Ga waɗanda suka shigo mana yanzu: Jacinta nas ce mai karɓar haihuwa. Shekara goma sha uku ta yi a Amurka da mijinta Francis, har ta zama 'yar ƙasa. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, ta kwaso 'ya'yansu biyu, Clara da Faustina, ta dawo Kafanchan. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin mishan, wata ƙungiyar coci ta can ke biyan ta albashi.

Dokar can ta ce ɗan ƙasa, ko ina yake zaune, sai ya cike takardar haraji duk shekara, kuma a ciki akwai rangwamen da ake yi wa mai rainon yara. Bana da ta tura tata ta intanet sai aka dawo mata da ita. Wani ya riga ya sa lambobin shaidar 'ya'yanta a tasa takardar. Ba a faɗa mata ko waye ba. Amma banda ita da marigayi, mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe katunan da lambobin yaran ke jiki.

To, mu je.

*

Ƙarfe uku na yammacin Asabar mai mashin ya sauke ta a ƙofar gidan surukanta a Kagoro. Ruwan safe ya ɗauke, dutsen bayan gida ya yi kore shar.

Tsakar gida cike take da mata. Gobe ce sujadar godiya ta Mama Damaris, mahaifiyar Francis, wadda aka yi wa aikin ido wata biyu da suka wuce ta dawo tana gani. Wasu na tsince shinkafa, wasu na gyaran naman akuya, 'yan zumuntar mata kuma na gwada waƙa a gindin mangwaro.

Mildred, matar babban wan Francis, ta ɗago kai daga bakin murhu.

"Sai yanzu, Maman Clara? Ina yaran?"

"Suna wajen koyon waƙa, gobe da sassafe zan kawo su. Sannunku da aiki."

"Yauwa. Kin ga takardar tsarin sujada kuwa?"

Ta goge hannu a zani, ta zaro takarda daga ƙarƙashin faranti.

"Dubi nan. Fasto da kansa zai karanta. Godiya ta musamman ga ɗanmu Gregory Didam na Amurka, wanda ya ɗauki nauyin aikin idon Mama shi kaɗai."

Jacinta ta karanta har ƙarshe, ta miƙa mata.

"An buga da kyau."

Ta wuce ɗakin Mama, ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen taga.

"Shekara biyu muryarki kawai nake ji. Ashe haka kika rame, 'yata? Ba sa ba ku abinci a asibitin nan?"

"Suna bayarwa, Mama. Lokacin ci ne babu."

"Gobe a gabana za ki ci."

Jacinta ta yi dariya. Ta ɗan zauna tana matsa mata ƙafa, ta duba maganin ɗigon idon ta ga ana sawa a kan lokaci, sannan ta fito ta nemi Baba Obadiah.

A falo ta same shi yana goge takalmin gobe. Shi ne babban wan Francis, mijin Mildred, babba a gidan, tsohon hedimasta, dattijon ikilisiya, mutumin da har yau tsofaffin ɗalibansa ke sauka daga mashin in sun hango shi.

"Baba, magana na zo da ita. Ban so in yi ta a waya ba."

Ya ajiye buroshi.

"Zauna, Maman Clara. Lafiya dai?"

Ta fito da takardar da ta buga, ta ɗora a tebur, ta yi masa bayani daga farko. Ya sa tabarau ya bi layi-layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

"Tsaya in gane. Gwamnatin can tana ba ku kuɗi don kun haihu?"

"Ba haka kai tsaye ba, Baba. In kana aiki kana rainon yara, ana rage maka haraji. In abin ya yi saura, a mayar maka da wani abu. Kowane yaro yana da lambarsa, kuma mutum ɗaya ne zai iya sa shi a takarda a shekara. Wanda yaron ke zaune a gidansa."

"To ai a gidanki suke."

"Shi ya sa na zo. Wani ya rubuta cewa a gidansa suke."

"Ɓarayin intanet ne."

"Yana iya yiwuwa. Ina roƙon Ubangiji ya sa su ne."

Ya cire tabarau ya dube ta.

"Amma ba su kike zato ba."

"Lokacin da Francis ya rasu, ni ban san inda kaina yake ba. Gregory ne ya yi ta zirga-zirgar takardu. Jakar da katunan yaran ke ciki ta yi wata guda a hannunsa."

Fuskar Baba Obadiah ta canza.

"Kin san abin da kike faɗa? Yaron da gobe za a ambaci sunansa a gaban jama'a?"

"Na sani. Shi ya sa ban bari sai jibi ba."

"Kin kira shi?"

"Ban kira ba. Ƙaninka ne, kai ne uba a gidan nan. Ban zo in zarge shi ba, tambaya zan yi masa, kuma a gabanka nake so in yi. In na yi kuskure, a nan zan durƙusa in ba shi haƙuri."

Labule ya motsa. Mildred ce, da kofin kunu biyu a faranti, kuma daga ganin fuskarta ta daɗe a tsaye a wurin.

"Ni dai na faɗa tun ran da ta dawo, zaman Turai yana canza mutum. Kishi ne kawai, don an ce shi ya biya."

"Maman Martins," Baba Obadiah ya ce, "ajiye kunun. Ko ki zauna ki yi shiru, ko ki koma murhu."

Ta zauna.

Jacinta ta ɗauki kofi ɗaya, ta ce na gode, ta kurɓa. Ni dai a nan matar nan take burge ni. Da ni ce, da tuni kunun nan ya tashi daga aiki.

Ta danna wa Gregory kiran bidiyo, ta jingina wayar da Littafi Mai Tsarki da ke kan tebur yadda duk za su fito. A can safiya ce. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka. Gregory na zaune a cikin mota, da hular sanyi a kai.

"Anti! Yaya, ina wuni. Kai, kowa na nan. Yaya shirin gobe?"

"Shiri lafiya," in ji Baba Obadiah. "Matar wanka tana da tambaya. Ka ba ta amsa yadda take."

Jacinta ta matso.

"Gregory, ka cike takardar harajinka ta bana?"

"Tun Fabrairu. Lafiya?"

"Da kanka ka cike?"

"Akwai wani mutum da ke cike mana, mu 'yan gida da yawa wajensa muke zuwa."

"An dawo mini da tawa. An ce wani ya riga ya sa Clara da Faustina."

Ya yi 'yar dariya, ya kalli gefe.

"Ah, Anti, ai irin wannan na faruwa kullum a nan. Kuskuren kwamfuta ne. Ki bar shi kawai, baɗi zai gyaru."

"To, shi ke nan. In ba kai ba ne, na ji daɗi. Ranar Litinin zan buga tawa a takarda in aika musu ta gidan waya da shaidar makarantar yaran. Su za su rubuta wa wancan mutumin ya kawo tasa shaidar."

"Litinin?"

"Litinin."

Fuskarsa ta tsaya cik a wayar. Ana jin waƙar 'yan zumunta daga tsakar gida, suna maimaita baiti ɗaya da ya ƙi daidaita.

"Netwok ne?" Mildred ta tambaya.

Ba netwok ba ne. Gregory ya zare hular ya rufe fuska da ita.

"Anti, don Allah kada ki aika."

Baba Obadiah ya miƙe tsaye.

"Gregory."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Kai ne?"

"Ni ne."

Mildred ta ɗora hannu a ka. Baba Obadiah ya koma ya zauna a hankali, ya rasa inda zai ajiye tabarau ɗinsa.

"Me ya kai ka? Kai da kake da aiki a kamfani?"

"Babu aikin, Yaya. Tun watan Agustan bara suka sallame mu. Abinci nake kai wa mutane gida-gida da motar nan. Yanzu haka oda nake jira."

"Wata tara, ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In faɗa wa wa? Kowa a gida ya san ina Amurka. Da ka kira ni a Janairu ka ce likita ya ce in ba a yi wa Mama aiki ba idon zai tafi gaba ɗaya, me zan ce maka? Na ce zan turo. Na kashe waya ban san inda zan samo ba."

Ya share hanci.

"Sai mutumin nan ya tambaye ni ko ina da yara. Na ce na wana ne, suna Najeriya. Ya ce ai shi ke nan, uwarsu tana Afirka, ba za ta cike komai ba, lambobin zaune suke a banza. Na duba tsohuwar wayata, hotunan katunan suna nan. Anti, ban san kina cikewa ba."

"Da ka tambaye ni."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunyar tambaya ta fi ta wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"In suka gano, me za su yi maka?" Baba Obadiah ya tambaya.

"Za su ce in mayar, da tara a kai. Amma ba shi ne abin tsoron ba. Ƙarshen shekarar nan nake shirin neman zama ɗan ƙasa. Suna duba halin mutum, har da maganar haraji. In aka ce na yi ƙarya, ban san inda abin zai tsaya ba. Shekara tara nake ƙasar nan, Yaya."

Baba Obadiah ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya juyo wajen Jacinta. Muryarsa ta yi laushi, kuma daga gani shi kansa bai ji daɗin abin da zai faɗa ba.

"Maman Clara, abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma zan yi maganinsa. Amma roƙonki zan yi. Ki bar na bana ya wuce. Ki cire sunayen yaran daga taki. Abin da kika rasa, ni zan sayar da cittata in biya ki. Kada yaron nan ya dawo mana hannu wofi."

"Haka ne," Mildred ta ce da sauri. "Ai duk gida ɗaya ne. Kuɗin bai fita waje ba."

Jacinta ta ajiye kofi.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Yau ka yafe mini, zan yi."

Ta juya ga wayar.

"Gregory, a takardar nan akwai inda ake tambaya wata nawa yaro ya zauna a gidanka. Me aka rubuta?"

"Anti..."

"Faɗa wa Baba."

"Goma sha biyu."

"Wata goma sha biyu. Baba, bara ce Faustina ta yi taifot, kwana tara ina kan kujerar asibiti, kai da kanka ka zo ka yi mana addu'a. Bara ce Clara ta daina magana wata biyu saboda kewar ubanta, kullum ni ke raka ta har ƙofar aji. Ni ke tashi ƙarfe biyar in ɗora ruwa. Amma a rubuce, yaran nan suna Amurka a gidan ƙanin ubansu, shi ke ci da su. Ni kuma ban san inda aka ajiye ni ba."

Ta dubi Baba Obadiah ido cikin ido.

"Da kuɗi ne kawai, da ban hau mashin na zo ba. Yaran nan wata rana za su koma can karatu da waɗannan lambobin. Ba zan bari su fara rayuwa da ƙarya a fayil ɗinsu ba. In na cire sunayensu, na taya shi sa hannu ke nan. Kuma shi ma ba taimakonsa na yi ba. Mutumin da ke cike wa mutane irin wannan, ran da aka kama shi, duk takardun da suka bi ta hannunsa za a buɗe."

Gregory ya ɗago kai. Da alama wannan bai taɓa zo masa a rai ba.

"To yaya zan yi, Anti?"

"Mu da ke zaune a waje, wa'adinmu tsakiyar Yuni ne. Saura sati uku. Na fasa aikawa Litinin, zan riƙe tawa sati biyu. Ka riga ni. Ka nemi lauya na gaskiya, mai ofis da lasisi, ba wancan ba. Ka faɗa masa komai, ku gyara takardar da hannunka. Ni ba lauya ba ce, ba zan yi maka alkawarin yadda za ta ƙare ba. Amma wanda ya je da ƙafarsa ya ce na yi kuskure, ba ɗaya suke da wanda aka kamo ba."

"Za su ce in mayar da kuɗin. Ba ni da shi."

"Na sani. Yana idon Mama."

Ta ɗan numfasa.

"In nawa ya fito, abin da aka kashe a aikin idon zan turo maka ka mayar musu. Sauran kai za ka nema, ko da kaɗan-kaɗan ne."

Mildred ta juyo gaba ɗaya ta dube ta.

"Ke za ki biya wa wanda ya cuce ki?"

"Ba shi zan biya wa ba. Mama uwar Francis ce. Da yana raye, ba wanda zai riga shi. Tun da haƙƙin 'ya'yansa aka yi aikin da shi, to 'ya'yansa ne suka buɗe wa kakarsu ido. Ni ban ga abin ɓacin rai a nan ba. Hanyar da aka bi ce ba ta da kyau, ita za mu gyara."

Gregory ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mildred ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Maman Clara," ta ce can ƙasa-ƙasa, "maganar da na yi ɗazu..."

"Ta wuce. Kunun ya yi daɗi."

Baba Obadiah ya goge ido da bayan hannu.

"Shekara talatin da biyar ina gaya wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya ko da za a dake su. Yau da abin ya zo gidana, ni ne na fara cewa a rufe. Na ji kunya, 'yata. Francis bai yi zaɓen banza ba."

Ya jawo takardar tsarin sujada daga aljihun rigarsa, ya zaro biro.

"Wannan layin kuma ba za a karanta shi a ɗakin Ubangiji ba. Gobe zan tsaya in faɗa wa ikilisiya abin da ya faru."

"A'a, Baba."

"A'a kuma?"

"Kada a yi ƙarya a majami'a, amma kuma kada a tozarta shi. Ya yi laifi, ya amsa a gaban wansa. Ya isa. A rubuta cewa 'ya'ya da jikokin Mama suna godiya. Ba ƙarya a ciki, kuma ba wanda zai tambaya."

Baba Obadiah ya dube ta, ya dubi takardar, ya ja layi a kan sunan, ya rubuta yadda ta faɗa.

"Haka za a yi."

Daga bakin ƙofa aka ji gyaran murya. Mama Damaris ce, riƙe da sandarta. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin. Jacinta ta tashi da sauri ta kama ta ta zaunar a kujera.

Mama ta matso da fuskarta kusa da wayar. Wannan ne karo na farko da ta ga fuskar autanta sosai tun da idon ya fara mutuwa.

"Auta."

"Mama, ki gafarta mini."

"Ka ci abinci yau?"

"Ban ci ba tukuna."

"In an gama magana ka je ka ci. Ka ji abin da matar wanka ta ce?"

"Na ji, Mama."

"To ka yi shi. Da na san da abin da za a buɗe mini ido ke nan, da na ce a bar ni a duhuna. Amma tun da an buɗe, ina so in ga ka gyara."

Ta kamo hannun Jacinta ta riƙe a cinyarta, ba ta sake ba.

Jacinta ta jawo wayar da ɗayan hannun.

"Saura abu ɗaya, Gregory. Ɗauki hoton shafin farko na takardar ka turo mini. Ina so in ga yadda mutumin ya cike, don mu san abin da za ka faɗa wa lauya."

Gregory ya daina share hawaye.

"Ba ta kusa, Anti. Tana gida."

"Ba ya turo muku kwafi a waya?"

"Yana turowa, amma... ki bari sai Litinin. Zan duba, in turo miki wurin da sunayen su Clara suke."

"Shafin gaba ɗaya nake so."

"Anti, ki yarda da ni. Zan cire su. Na rantse zan cire su."

"Gregory," Baba Obadiah ya ce da muryar hedimasta, "matar nan ta ɗauke maka kayan da ni wanka ban iya ɗauka ba. Takarda ta ce ka turo. Turo yanzu."

"Yaya, don Allah."

"Yanzu."

Fuskar Gregory ta ɓace daga wayar, ana jin numfashinsa kawai. Minti ɗaya, biyu. Sai saƙo ya shigo.

Jacinta ta buɗe, ta ja hoton da yatsu biyu ya girma. Ta gangara wurin da ake jera sunayen yara.

Clara Didam. Shekara goma sha ɗaya.

Faustina Didam. Shekara takwas.

Ta tsaya. Ta sake ja ya ƙara girma.

"Mene ne?" Mildred ta tambaya.

"Gregory, sunaye uku nake gani."

Ta kusanto da wayar fuskarta.

"Wace ce Angelina Didam?"

"Anti..."

"Shekararta shida. Lambar wa mutumin ya sato ya haɗa maka da ita? In 'yar wasu ce, sai ka cire ta ita ma."

"Ita ba zan cire ta ba."

"Saboda me?"

"Saboda ita da gaske a gidana take. Shekara uku ke nan ni nake riƙe da ita."

Baba Obadiah ya matso gaba.

"Ka haihu ba ka faɗa mana ba?"

Jacinta ba ta ɗago daga wayar ba. Yatsanta na kan layin da ke gaban sunan, inda ake rubuta dangantakar yaro da mai takarda. Ta karanta shi sau biyu kafin ta yi magana.

"Ba 'yarsa ba ce, Baba. An rubuta 'yar ɗan'uwansa, kamar yadda aka rubuta wa su Clara."

Ta ɗago ta dubi Baba Obadiah.

"Ku uku Mama ta haifa. Kai kuma ko jirgi ba ka taɓa hawa ba."

Mildred ta tashi ta rufe ƙofar falon.

"Gregory," in ji Jacinta, "'yar wace ce?"

Ta yunƙura za ta miƙe, sai ta ji hannun Mama ya ƙara damƙe nata. Ta juyo. A duk falon, fuskar tsohuwar ce kaɗai ba ta nuna mamaki ba.

"Kashe wayar, Auta," Mama Damaris ta ce. "Zauna, 'yata. Ba daga bakinsa ya kamata ki ji ba. Francis ni ya bar wa saƙon."